Jawabin Buɗe Filin Ƙwallon Kwando a Kafin Hausa



Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Mai wucewa zai ga daɓen siminti da kwanduna biyu kawai. To, a kan irin wannan daɓe wani yaro ya fara wasa a Zariya, sunansa Masai Ujiri.

An haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi. Tamaula ya fara bugawa kamar 'ya'yanmu, sai da ya kai shekara 13 ya kama ƙwallon kwando, a hannun mai horarwa Oliver Johnson. Ya tafi Amurka karatu, daga nan ya yi kamar shekara shida yana wasa don neman abinci a Turai. Bai taɓa buga gasar NBA ta Amurka ba.

Nan nake so ku kasa kunne. Da ya ajiye wasa, sai ya karɓi aikin farauto wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa a 2002, ba albashi, kuɗin tafiya ma daga aljihunsa. Mahaƙurci mawadaci. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 ya koma Toronto Raptors, wadda ta ɗauki kofin NBA a 2019 ƙarƙashin jagorancinsa, karo na farko da kofin ya bar Amurka. Bai kuma manta gida ba: tun 2003 gidauniyarsa ta Giants of Africa take horar da yaran nahiyarmu.

Ya ku matasa, ƙarfin jiki yana da wa'adi. Abin da ya ɗaga Ujiri bayan ya daina tsalle shi ne ilimi da riƙon amana. Ga Jami'ar Sule Lamido a ƙofar gidanku. Ku zo nan bayan la'asar, amma safiya ta aji ce. Iyaye, ku bar su su zo, ku kuma riƙa duba littattafansu. Jama'ar gari, fili naku ne, ku tsare shi.

Da sunan Allah na buɗe wannan fili. Allah ya sa albarka, ya mai da kowa gida lafiya.