Baƙo Ya Zama Mai Masauki

Tsofaffin Ingila da yawa sukan koma bakin tekun Sifen bayan ritaya. Wani ya daɗe a Benidom, haya ta yi tsada, sai ya ƙaura Alikante. Tekun bai sake ba, amma maƙwabta da likita da ikilisiya duk sababbi ne. Kaɗaici kuwa yakan sanyaya bangaskiya.

Mu tuna da Filibus. Daga Ashdod ya kai Kaisariya, dukansu a bakin teku (Ayyukan Manzanni 8:40). Bayan shekaru, a gidansa Bulus ya sauka (21:8). Baƙo ya zama mai masauki. In mun ƙaura, mu nemi masu bi tun Lahadin farko, mu buɗe musu ƙofarmu. Ubangiji ya taimake mu. Amin.