Kunya Ba Ta Warkar da Ciwo

Karatunmu na yau yana cikin 2 Sarakuna sura 20. Sarki Hezekiya ya yi ciwo har ya kai bakin mutuwa. Ya yi kuka ga Ubangiji, Ubangiji kuwa ya ƙara masa shekara 15. Amma ku lura, annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani suka tafi tare.

Yau zan yi magana a kan ciwon da maza ke ɓoyewa. Kowane ɗan maraina yana cikin wani siririn tantani. Idan ruwa ya taru a ciki, sai wurin ya kumbura, mu ce gwaiwa ce. Yawancin gwaiwa ba ta da haɗari. Amma akwai wani ciwon daji, mesoteliyoma, da ke tsirowa a tantanin nan. Ba a cika samunsa ba, ya kuma fi kama dattawa. Wasu da suka kamu sun taɓa aiki cikin ƙurar asbesto shekaru da yawa baya. Da yake yana kama da gwaiwa, sau da yawa sai a wurin tiyata ake gane shi.

Babban maganinsa tiyata ce. Likita yakan yanka ta matsematsi, ya fitar da ɗan marainan tare da tantaninsa da igiyarsa. Idan ciwon ya bazu, akan ƙara da magungunan kashe ƙwayoyin daji. Bayan aiki dole a riƙa komawa asibiti, domin yakan dawo, musamman a shekaru biyu na farko.

Baba, na san tsoronka. Ɗayan da ya rage, in lafiyayye ne, ya isa mazakuta da haihuwa. Darajarka a gaban Allah ba ta ragu ba. Idan ka ga kumburi ko ƙullutu, kada ka bari a tsaga a gida. Faɗa wa matarka, ku je asibiti. Mama, kada ki yi masa dariya, ki raka shi. Ikkilisiya kuma, mu taimaka da kuɗin aiki, mu rufa asirin ɗan'uwanmu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka cire kunya daga zukatan bayinka, ka ba likitoci hikima, ka warkar da marasa lafiya. Cikin sunan Yesu, Amin.