Jawabi Kan Gidan Tarihin Reluwe da Aikin Gayya

  

An ba ni minti goma in yi magana kan jirgin ƙasa. Wani zai ce me ya haɗa mu da shi, mu da kayanmu ke zuwa Mile 12 a tirela? To, jama'a, jirgin nan shi ya raya zangon Agege. An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911, aka haɗa Legas da Kano a 1912. Tun daga nan goro ya riƙa hawa arewa a tarago, shanu da gyaɗa da fata suna gangarowa. Kakannin da yawa daga cikinmu ta wannan hanya suka zo.

A cikin unguwar reluwe ta Ebute Metta akwai wani tsohon bene da ake kira Jaekel House, wanda aka gina a 1898. Da can gidan babban manajan reluwe ne. Ya lalace ƙwarai, sai wata ƙungiya mai suna Legacy 1995, tare da hukumar jiragen ƙasa, suka gyara shi a 2010 ƙarƙashin jagorancin Farfesa John Godwin, suka mai da shi ƙaramin gidan tarihi. A ciki akwai tsofaffin hotuna da kayan aikin reluwe na da. Mutanen wannan ƙungiya 'yan sa-kai ne, sha'awar tarihi ce ta tara su.

Haka Turawa ma suka yi. A 1951, a ƙasar Wales ta Birtaniya, wasu mutane suka karɓi wani ƙaramin layi mai suna Talyllyn da ke shirin mutuwa, suka ci gaba da tafiyar da shi da hannunsu. Yau irin waɗannan layuka suna da yawa a can, kuma lokacin Kirsimeti sukan shirya tafiye-tafiye na musamman don yara, kuɗin tikiti ya koma gyaran injin.

Ga inda maganar ta shafe mu. Dattawan da suka yi lodin goro a tashar Agege, da waɗanda suka yi rakiyar shanu a tarago tun daga Nguru da Ƙauran Namoda, kullum raguwa suke yi. Duk wanda ya rasu, magada su raba dukiya, akwatin takardu kuwa gara ta cinye. Ran da wani ya tashi ya ce jiya-jiya muka zo garin nan, da me za mu amsa masa? Baki kawai?

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko, kowane gida a duba akwati: tsohon tikiti, rasit na lodi, hoto a tasha. Kada a yar, a kawo wa sakatare ya rubuta sunan mai shi. Na biyu, samari biyar su ɗauki waya su zauna da tsofaffinmu, su naɗi labarinsu tun suna da rai. Daga nan sai mu je mu gana da masu kula da gidan, mu ce ga namu, ga kuma hannunmu, ko shara ce ko yi wa baƙi bayani da Hausa, Asabar ɗaya a wata.

Na uku, yaran Islamiyya. Tun 2021 sabon layin Legas zuwa Ibadan yana aiki, kuma yana da tasha a Agege da Ebute Metta. Kowace shekara bayan Babbar Salla mu yi karo-karo mu sa su a jirgi, malamansu na gaba, su je su ga gidan nan da idonsu. Gani ya kori ji.

Malamai sun sanar da mu cewa ilimin da ake amfana da shi yana cikin abin da ke bin mutum bayan mutuwa. Sakatare na bakin ƙofa da littafi, mai niyya ya ba da sunansa kafin ya fita. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.