Amanar da ke Cikin Kwamfutar Makaranta



An ɗora mana nauyin yin magana a kan kula da kwamfuta. Mu ba injiniyoyi ba ne, malamai ne waɗanda zamani ya zaunar da su gaban na'ura. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Rajistar ɗalibanmu ta WAEC da NECO ta intanet ake yin ta. Jarrabawar ƙwarewa ta TRCN a kwamfuta ake zauna ta, albashinmu kuwa ta waya muke jin shigarsa. Saboda haka abin da ke cikin waɗannan na'urori amana ce: makin 'ya'yan mutane da gumin malami.

Bari mu fara da abin da ya same mu. A ƙarshen wani zango, a wata makaranta da muka koyar, mun tara makin azuzuwa shida a cikin filash guda, ba mu da wani kwafi. Aka kai shi shagon buga takardu. Da aka dawo, sai muka ga fayilolin duk sun zama wasu alamomi marasa buɗuwa. Cikin ruɗewa wani daga cikinmu ya goge filash ɗin ƙarƙaf, wai ya kashe cutar. Daga baya muka gane cewa irin wannan cuta ɓoye fayiloli take yi, ba cinye su ba, kuma da mun haƙura mun kai wa wanda ya sani da ya fito da su. Mu da hannunmu muka ƙarasa ɓarnar. Sati biyu muka yi muna tattara takardun amsa muna sake lissafi, yara suka tafi hutu babu sakamako, iyaye suna tambaya muna sunkuyar da kai.

Darasin farko ke nan: duk aikin da yake wuri guda, a bakin ɓata yake. Kowane muhimmin fayil ya zauna a wuri uku: cikin kwamfuta, cikin filash na ajiya da ba ya fita daga ofis, da kuma intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi makin makaranta na shekaru. A raba filash na yawo da filash na ajiya. Kuma kada a yar da rijistar takarda, domin ita ba ta jiran wuta.

Na biyu shi ne lafiyar na'urar. Yawancin kwamfutocin da ake cewa sun lalace a yankinmu, abu uku ne ke kayar da su: ƙura, zafi da wuta. Ƙurar hunturu tana toshe kafofin da iska ke fita, sai fanka ta yi ta gurnani, na'ura ta yi zafi ta kashe kanta. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, abin ya fi tsanani. A rufe kwamfuta da ƙyalle bayan an kashe ta, ba tana aiki ba. Kada a ɗora laftof kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa yake shaƙar iska. In an ɗauke wuta, a zare soket, domin dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona caja. In janareta ne, a bar shi ya daidaita kafin a jona, kuma a sa sitabilaiza a tsakani.

In kwamfuta ta ƙi tashi, kafin a ɗauke ta zuwa Kano, a duba soket da waya da caja. In ta daskare, a kashe a sake kunnawa, sau da yawa shi ke nan. In firinta ta ƙi bugawa, a duba ko takarda ta maƙale ko wayarta ta kwance. In ta rubuto wani saƙo da ba a gane ba, a ɗauki hotonsa da waya, mai gyara zai ji daɗin ganinsa. In kuwa dole a kai ta gyara, a kwashe bayanan ɗalibai tukuna.

Na uku, sabuntawa. Da yawa daga cikinmu mukan ƙi sabunta manhaja don tattalin data. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Abin lura, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan kafa tun watan Maris; waɗanda ba su sabunta ba su aka kama. Mu san kuma cewa an daina kula da Windows 7 tun Janairu 2020, Windows 10 kuwa wa'adinta ya cika a Oktoba 2025. Tsohuwar kwamfuta tana iya ci gaba da buga takardu, amma ba ita ce ta shiga asusun banki ba.

Na huɗu ya fi sauran zafi, domin ya shafi aljihu. Ɓarawon yau ba ya haura katanga, sallama yake yi. Yakan kira a ƙarshen wata, lokacin da ya san muna dakon albashi, ya ce daga banki yake, ko daga ofishin tantance ma'aikata, ya karanto sunanka daidai, sannan ya ce ka faɗa masa lambar da aka turo maka. Babu banki ko ofishin gwamnati da ke neman lambar sirrin katinka ko lambar da ake turowa ta saƙo. Lambarka ta BVN da ta NIN ma ba na sakawa a zauren WhatsApp ba ne. Haka nan wanda ya ce ka turo masa lamba shida don a sa ka a taron malamai na intanet, asusunka na WhatsApp yake son ƙwacewa, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka wurin abokan aiki. Maganinsa yana cikin saitin manhajar: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A sa wa layin waya lambar sirri, domin wanda ya tsinci layinka yana iya taɓa asusunka. In waya ta ɓata, banki za a fara sanarwa kafin a shiga cigiya. Duk sanarwar tantancewa ko lamuni da ta zo ta waya, a tambayi sakataren reshe ko ofishin Sakataren Ilimi kafin a taɓa ta.

Mu tuna kuma cewa tun Yuni 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Sunan ɗalibi, hotonsa, ranar haihuwarsa da lambar mahaifinsa ba kayanmu ba ne. Kalmar sirrin shafin makaranta ba ta zama a jikin bango, kuma duk ranar da aka yi wa mai riƙe da ita canjin wurin aiki, a canza ta.

Muna roƙon reshe abu uku. Kowace makaranta ta ware malami guda mai kula da kwafin ajiya duk ranar Juma'a. Duk wanda aka damfara ya sanar da mu nan take, ba tare da kunya ba, kuma kada kowa ya yi masa dariya, domin shirunsa shi ke ba ɓarawo damar kama na gaba. Matasan cikinmu da suka iya na'ura su zauna da dattawanmu su nuna musu cikin ladabi, kamar yadda su ma suka nuna mana yadda ake riƙe aji.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zango na ƙarewa, makin yara na hannunmu. Kafin a kwanta yau, kowa ya je ya yi kwafi.