Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Karatun Haɗin Gwiwa

Ma'aikacin da ke zaune a Nyanya yakan fita da asuba, ba ya komowa sai bayan magariba, saboda cunkoson motoci a hanyar Abuja zuwa Keffi. Idan ya shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a 2002, da wuya ya sami sukunin zama da abokan karatunsa. Karatun kaɗaici kuwa yana kashe gwiwa, har wani ya watsar.

A nan ne tsarin na'ura ke da muhimmanci. A ƙasar Kanada, Marlene Scardamalia da Carl Bereiter sun ƙirƙiro wani tsari mai suna CSILE, wanda aka soma aiki da shi a wata makarantar firamare ta Toronto a 1986. Allo guda ne na kowa da kowa. Ɗalibi yakan rubuta ra'ayinsa, ko abin da ya shige masa duhu, sa'an nan 'yan'uwansa su gyara, su ɗora a kai. Rubutun ba ya ɓacewa, saboda haka wanda ya makara yakan tarar da muhawarar tana jiransa.

Wajibi ne masu tsara irin wannan domin mutanen Nyanya su tuna cewa wayar hannu ce a hannun ɗalibi, kuɗin intanet yana da tsada, wutar lantarki kuma takan ɗauke. Tsarin da ya tilasta wa kowa halarta a sa'a guda zai bar ma'aikacin nan a baya.