Famfo da Lagireto: Jawabi a Kan Sanyaya Kwamfuta da Ruwa



Abin da ya tara mu yau shi ne zancen kwamfutar tafi-da-gidanka wadda aka zaburar, watau aka tilasta wa ƙwaƙwalwarta gudu fiye da yadda maƙeranta suka ƙayyade. Da yawa daga cikinmu sai da suka yi dogon tanadi kafin su mallaki wannan na'ura, a cikinta kuma aikinsu na kammala digiri yake. Saboda haka duk wanda ya yi niyyar shigar da ruwa cikinta, lalle ne ya san abin da zai saya.

Ladan zaburarwa gudu ne, kuɗinta kuwa zafi. Idan aka ƙara ƙarfin turin wuta da kashi 10 cikin 100, zafin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa yakan ƙaru da kimanin kashi 21. In ta kai digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wahalarmu ta tashi a banza. Dalilin komawa ga ruwa ke nan, domin lita guda ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai lita wajen 3,500 ta iska za ta ɗauka.

Amma mu lura, ruwa ɗan dako ne kurum. Famfo ke tura shi ya kwaso zafi daga ƙwaƙwalwa, lagireto kuma, irin wanda muka sani a mota, shi ke zubar da zafin cikin iska da taimakon fanka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba kuɗi a famfo a tsuke hannu wajen lagireto. Ga lissafin: ruwan da ke gudu lita 4 a minti, yana ɗauke da zafin wat 300, ɗuminsa ba ya ƙaruwa da fiye da kimanin digiri 1 a kowane zagaye. Ko an ninka gudun, rabin digiri kaɗai za a samu.

Famfuna biyu ne suka yi suna, D5 da DDC, dukansu ƙirar kamfanin Laing. D5 ya fi girma, ya fi tura ruwa mai yawa, ba shi da ƙara sosai, kuma ruwan da ke ratsa shi ke sanyaya shi. DDC ƙarami ne, yana da ƙarfin tura ruwa ta ƙuntatacciyar hanya mai yawan lanƙwasa, sai dai jikinsa yana zafi, yana bukatar iska. A ƙaramin akwati da ake ɗauka a hannu, DDC ya fi dacewa. Inda wuri ya wadata, D5 ya fi daɗin zama.

Shi kuwa lagireto, ana auna shi da faɗin fanka: milimita 120, 240 ko 360. Masu wannan sana'a sukan ba kowane abu mai zafi 120, sa'an nan su ƙara 120 domin zaburarwa. Mu a nan ya kamata mu ƙara a kan haka, gama lagireto ba ya iya sanyaya ruwa ƙasa da iskar ɗaki. Idan ruwa yana digiri 10 sama da iska, to a ɗaki mai digiri 25 yana 35, amma a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, lokacin da zafi ke kai 40, ruwan yana 50, alhali masu sayar da famfunan nan sun ce kada ya wuce 60. Har ila yau, lagireto mai matsattsun haƙora yana saurin toshewa da ƙurar hunturu. Gara mai sarari, mai sauƙin kakkaɓewa.

To, ina za a sa babban lagireto a na'urar da ake yawo da ita? A 2015 kamfanin Asus ya nuna kwamfutar cinya mai suna GX700, wadda famfonta da lagiretonta ke cikin wani akwati dabam, a haɗa a gida, a cire in za a fita. Dabarar tana da kyau: a bar nauyi a kan tebur, a sayi mahaɗin tiyo mai rufe kansa in an zare shi.

Sauran gargaɗi uku. Kada a haɗa jan ƙarfe da alminiyam a hanyar ruwa ɗaya, domin alminiyam zai ci. Kada a zuba ruwan rijiya ko na famfon gari, sai wanda aka tace ta hanyar tururi, tare da maganin tsatsa. Sa'an nan a ajiye famfo ƙasa da tanki, don kada girgizar tafiya ta cusa masa iska ya yi gudu a bushe. Kafin a kunna kwamfuta, a bar famfo shi kaɗai ya yini ya kwana yana aiki, a shimfiɗa takarda a ga ko akwai ɗigo.

Wanda aljihunsa bai kai ga isasshen lagireto ba, ya rage zaburarwa, daidai ruwa daidai tsaki.  Allah ya ba mu sa'ar karatu, amin.