KIFINMU DA RUWANMU: ABIN DA BINCIKE YA GANO

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na masunta, manoman shinkafa da mata masu sayar da kifi daga Birnin Kebbi da Argungu

  An ce in yi magana a kan abin da masu bincike suka gano game da kifi da kiwonsa, da kuma yadda zai amfane mu a nan kwarin Rima. Ba zan koya wa ɗan Kabi su ba, gama kun fi ni sanin homa da gora. Abin da na kawo shi ne bayanin da zai taimaka mana mu amsa tambayar da kowa yake yi: ina kifin ya tafi, kuma yaya za mu yi ya dawo?

Amsar a taƙaice ita ce, kifi a fadama ake haifarsa, ambaliya ce take renonsa. Duk abin da ya taɓa ambaliya, ko ya kashe ƙananan kifi, ya taɓa tukunyar miyarmu.

1. Ambaliya ita ce uwar kifi

Idan damina ta kankama, gulbi ya cika ya malala cikin fadama, a lokacin ne tarwaɗa da bargi da karfasa da sauran kifaye da yawa suke barin tsakiyar gulbi su shiga cikin ciyawa su saka ƙwai. 'Ya'yan suna samun abinci da maɓoya a wurin. Kafin ruwa ya janye sun yi ƙwari, sai su koma gulbi da tafkuna. Wani masani mai suna Robin Welcomme, wanda ya daɗe yana aiki da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ya tattara bayanai daga koguna da yawa na Afirka. Ya nuna cewa yawan kifin da ake kamawa a shekara yana bin girman ambaliyar shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. A ƙasar Mali an ga haka a fili. A babbar fadamar kogin Kwara ta wajen Mopti, kifin da ake kamawa ya ragu da fiye da rabi tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farin 1984, domin ruwa ya daina rufe fili kamar dā.

Yanzu mu dawo gida. Ruwan da yake wucewa ta Argungu da Birnin Kebbi daga sama yake zuwa. An gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, aka gama ta Goronyo a kan Rima a 1984. Madatsun nan suna da amfani: ruwan sha, noman rani, da rage wata ɓarnar. Amma wani mai bincike daga Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori, ya wallafa sakamakonsa a 1985. Ya tarar ambaliya ta ragu, noman shinkafar fadama ya ja baya, kamun kifi ma ya faɗi, har wasu masunta suka bar sana'ar. Saboda haka masana a yau suna cewa, duk mai kula da madatsa ya kamata ya ware wani ruwa da zai saka a kan kari, daidai lokacin da kifi yake haihuwa. Sakin ruwa ba zato ba tsammani, irin wanda ya jawo ɓarna a 2010, ba shi ne ake nufi ba. Ana nufin saki a hankali, da sanarwa, da shawarar mutanen da ke ƙasa.

Bikin kamun kifi na Argungu ma shaida ne. An fara shi a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A bikin 2020 an fito da giwan ruwa mai nauyin kilo 78. Me ya sa ake samun irin wannan kifi a Matan Fada? Domin an hana su a wurin har sai ranar biki, Sarkin Ruwa da jama'arsa suna tsaro. Abin da masana suke kira wurin da aka keɓe domin kifi ya huta, kakanninmu sun riga sun san shi. Saura mu yawaita irinsa.

2. Raga mai ƙananan ido da guba

Ba madatsa kaɗai ke da laifi ba. Mu ma da namu. A tafkin Kainji, wanda ya taɓo ƙasar Yawuri a jiharmu, an yi wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus a shekarun 1990, tare da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa. Sun ƙidaya jirage da raga, suna auna kifin da ake saukewa a bakin ruwa. Sun gano cewa ragar nan da ake kira dala, wadda ake ja zuwa gaɓa, tana kwashe 'ya'yan manyan kifaye da yawa tun ba su isa haihuwa ba. Daga nan aka hana amfani da ita, kuma hanin ya fi kama ƙasa a inda sarakunan gargajiya da masunta da kansu suka sa hannu.

Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa, ta shekarar 1992, ta haramta guba da nakiya da wutar lantarki wajen kamun kifi. Ta kuma sa iyakar idon raga a milimita 76, wato inci uku, in ban da ragar da aka keɓe don ƙananan kifayen da ba su girma da ma. Dalilin a fili yake. Tarwaɗa mace guda mai girma tana iya saka ƙwai dubbai masu yawa. Wanda ya kama ta tana kamar ɗan yatsa, ya ci iri ne tun kafin shuka.

Game da guba kuwa, ina roƙonku ku saurara da kyau. Maganin ƙwarin nan Gamalin 20, wanda wasu suke zubawa a tafki, yana ɗauke da sinadarin lindane. An sa shi cikin jerin abubuwan da ƙasashen duniya suka yarda a daina a 2009, a 2015 kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ce yana jawo kansa. Yana kashe babba da ƙarami, yana zama a cikin kitsen kifi, ya shiga jikin wanda ya ci. Haka nan iyayenmu mata, kada a yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don gudun tsutsa. A busar da shi sosai, a ajiye a sama inda iska take shiga, a riƙa sake ƙyafe shi. Rigakafi ya fi magani.

3. Shinkafa da kifi a gona ɗaya

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, noman shinkafa ya bunƙasa ƙwarai. Fadamar da dā kifi yake haihuwa a cikinta ta zama gona, feshin magani kuma ya ƙaru. To, shin dole ne shinkafa ta kori kifi? Bincike ya ce ba dole ba ne.

A gundumar Qingtian ta ƙasar Sin, manoma sun fi shekara dubu suna kiwon kifi a cikin gonar shinkafa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa gonakin da ke da kifi sun ba da shinkafa daidai da sauran, amma maganin ƙwarin da suka buƙata ya ragu da kashi 68 cikin 100, takin zamani kuma da kashi 24. Kifin yana cin ƙwari da ciyawa, kashinsa kuma taki ne. A nan gida ma an gwada. A farkon shekarun 2020, FAO da Jami'ar Ibadan da Jami'ar Georgia ta Amurka sun yi aikin gwajin haɗa shinkafa da kifi tare da manoma a jihohin Kebbi da Ebonyi.

Ga yadda ake yi a taƙaice. A ɗaga kunyar da ta kewaye gona ta yi ƙarfi. A haƙa rami ko lambatu a gefe, kamar kashi ɗaya cikin goma na filin, zurfin rabin mita zuwa mita ɗaya, inda kifi zai fake idan ruwa ya ja ko rana ta yi zafi. A sa raga a mashiga da mafitar ruwa. A jira dashen shinkafa ya kama ƙasa, kamar mako biyu zuwa uku, kafin a zuba 'ya'yan kifi. Kada a yi feshi da kifi a cikin fili. Kuma a zaɓi gonar da ambaliya ba ta saba shanyewa ba, gama wanda ya ga ruwan 2020 ya san abin da nake faɗi. A fara da ɗan fili kaɗan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

4. Kiwon kifi a kududdufi

Rahoton FAO na 2024 ya ce a shekarar 2022, a karo na farko a tarihi, kifi da sauran dabbobin ruwa da aka yi kiwonsu sun fi waɗanda aka kamo yawa a duniya, kashi 51 cikin 100. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, amma duk da haka abin da muke samarwa bai kai rabin buƙatarmu ba, shi ya sa kifin ƙanƙara na ƙasashen waje ya cika kasuwa.

Matasa da yawa suna shiga kiwo da murna su fita da bashi. Babban dalili shi ne abinci, wanda yake cin kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwo. Shi ya sa masu bincike suka duƙufa neman abin da zai maye gurbin garin kifi mai tsada. Ɗaya daga ciki shi ne tsutsar wani baƙin ƙuda wanda ba ya cizo kuma ba ya damun gida. Ana kiwonta a kan dusa da ragowar kayan lambu, cikin kamar mako biyu ta isa, tana kuma da sinadarin gina jiki mai yawa. Cibiyar binciken ƙwari da ke Nairobi ta ƙasar Kenya ta yi aiki sosai a kan wannan. Gwaje-gwaje sun nuna tana iya maye wani kaso na garin kifi ba tare da girman kifi ya ragu ba. Mu da muke da dusar shinkafa tuli, wannan labari ne mai kyau.

Akwai kuma batun iri. Cibiyar WorldFish ta fara zaɓen irin karfasa mai saurin girma tun 1988 a ƙasar Filifin, tana ta inganta shi zuriya bayan zuriya. Darasin shi ne, iri mai kyau shi ne rabin riba. Ku sayi 'ya'yan kifi a wurin da aka sani. Ku riƙa ware manya daga ƙanana kowane mako biyu a farkon kiwo, gama tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Ku rage abinci lokacin hunturu, domin cikin sanyi kifi ba ya ci sosai, ragowar kuma tana ɓata ruwa. Kada ku zuba maganin ƙwayoyin cuta ba da shawarar ma'aikaci ba. Ku rubuta duk abin da kuka kashe, ku kuma nemi mai saye tun kafin ku zuba kifi.

5. Ƙananan kifi da lafiyar yara

Kada wani ya ce na hana cin ƙananan kifi. Akwai bambanci tsakanin ɗan babban kifi da kifin da halittarsa ke nan ƙarami. Irin na biyun, idan an ci shi da kai da ƙashi, yana ba da sinadaran ƙarfafa ƙashi da ƙarin jini waɗanda tsokar babban kifi ba ta da su da yawa. A daka busasshensa ya yi laushi, a tankaɗe, a riƙa sa cokali ɗaya a kunu ko faten yaro daga wata shida, tare da ci gaba da shayarwa. Mata masu ciki ma su ci. Maigida, kada a kai kifi duka kasuwa a bar gida da miyar lami.

Abin da za mu yi

Ina ba da shawara huɗu mu tafi da su. Na ɗaya, kowane ƙauye ya zauna da sarkin ruwansa ya keɓe tafki ɗaya ko lungun gulbi ɗaya da ba za a taɓa ba daga farkon ambaliya har ruwa ya janye. Na biyu, a yi yarjejeniya a kan idon raga, a kuma hana guba ko da ɗan wane ne ya zuba. Na uku, kowace ƙungiya ta sami littafi da sikeli, a riƙa rubuta irin kifin da aka kama da nauyinsa sau ɗaya a mako. Idan muka je gaban hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima muna neman a saki ruwa a kan kari, wannan littafi ne zai yi mana magana. Na huɗu, manoma biyu ko uku a kowace ƙungiya su gwada shinkafa da kifi a noma mai zuwa, su kawo mana labari, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Kududdufi da gonar shinkafa za su taimaka, amma ba za su maye gurbin gulbi ba. Talakan da ba shi da jarin sayen abincin kifi, gulbi ne gonarsa. Masunci da manomi da makiyayi duk ruwa ɗaya suke sha, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan muka bar kifi ya haihu bana, 'ya'yanmu za su sami abin kamawa baɗi.

 Yanzu sai tambayoyi, kuma ina so mu fara jin ta bakin iyayenmu mata.